Gadon da Na Ɗaura wa Nomau

Ranar wata Talata ce a farkon kaka, shekarar da nake aji shida na firamare, na tarar da Baba Jatau kwance a kan buzu a gindin rumbunsa. Ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum, an naɗe kan kurkunu a jikin wani ɗan tsinke, ƙudaje na ta kai masa ziyara yana korarsu da wutsiyar saniya. Autansa Nomau na tsaye a gabansa ya ware hannuwa biyu, yana dariya saboda kaji sun taru suna kallonsa. Tsohon ya miƙo mini wata sabuwar igiyar rama, ya ce in ɗora bakinta a kan dogon yatsan Nomau na dama, in bi da ita ta kan ƙirjinsa har zuwa dogon yatsan hagu. Sai da na yi ɗage, domin Nomau dogo ne, faɗin kafaɗarsa kaɗai ya isa ya tare ƙofar zaure. Da na kai ƙarshe, tsohon ya sa wuƙa ya datse igiyar daidai inda na riƙe, ya naɗe ta ya danƙa mini a tafin hannu, ya rufe hannun nawa da nasa. Ya ce, "Ɗan Malam, ga awon Nomau nan. Ka zagaya ta a jikin itacen daidai ƙirjinka. In bakin nan biyu suka haɗu, ka bar itacen, ko da a gindinsa gada take kwana." Na ce to, na cusa igiyar a aljihun wandon makaranta, kaina ya yi girma har ina jin kamar ba zai wuce ta ƙofar gidan ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kafur, can gefen wani rafi da yake cika da damina ya koma yashi da rani. Mu muna wannan ƙetare, gidan su Baba Jatau na wancan. Su Maguzawa ne, suna kan addinin kakanninsu, gidansu ƙato mai rumbuna fiye da goma, matansu na noma gayaunarsu da kansu, kuma ba a raba su da tukunyar giya in an yi gayya ko biki. Mahaifina manomi ne, shi ke jan salla a ɗan masallacin unguwarmu, shi ya sa duk gidan su Baba Jatau ba mai kirana da sunan yanka, ɗan Malam kawai suke ce mini. Tsakanin dattawan nan biyu akwai wata irin abota da sai na girma na san ba ko'ina ake samunta ba. In suka haɗu a hanyar gona, mahaifina zai ce, "Jatau, yaushe za ka zo in yi maka wankan shiga Musulunci?" Shi kuma ya ce ai rafi bai kawo ruwan da zai ishi ƙazantarsa ba tukuna, sai su tuntsire da dariya su tsaya hirar taki da farashin dawa. Baba Jatau maharbi ne, kuma duk dabbar da ya harbo da sauran rai, gudu ake yi a kira mahaifina ya yanka, don naman ya ciyu a gida biyu. Cinya guda tamu ce, ba a taɓa fashi ba.

Ni kuwa a lokacin yaro ne mai rawar kai, mai son a ce ya iya. Da safe in ɗebo ruwa jarka biyu a rijiyar bakin masallaci, in share gaban akurkin kaji, in ɗauki tsintsiyata da jakar buhu in ruga makaranta kafin a buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin dalbejiya. In an tashi, kiwon awaki, ko korar tsuntsu a gonar gero da gwangwani da duwatsu a ciki. Sauran yara sun fi ni langa, sun fi ni ƙwallon tsumma, kokawa kuwa ba a ma maganarta, har ƙannena sun sha kai ni ƙasa. Abu ɗaya na fi kowa, hawan itace. Babu kanyar da ban san daɗin 'ya'yanta ba daga nan har hanyar Malumfashi, kuma Inna ta gaji da ɗinke mini gindin wando. A saman wata kanya Baba Jatau ya fara ganina, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce in sauko in riƙe masa igiya. Tun daga ranar na manne masa. Damina biyu ina binsa yana ɗaura abin da yake kira gadon kwanto, wato 'yan sanduna huɗu ko biyar da ake jerawa a inda rassan itace suka rabu, a ɗaure su tam, maharbi ya hau ya zauna shiru yana jiran nama ya zo wucewa ta ƙasa. Shi ya koya mini ƙullin da ba ya zamewa, har ya riƙa cewa hannuna ya fi na 'ya'yansa tsabta. Wannan yabo ya fi mini naman daɗi.

Yana da ƙa'idodinsa, kuma ba ya gajiya da maimaita su. Kada gado ya gaza tsayin mutum biyu, don gada na da hanci, za ta shaƙi warin mutum ta juya. Kada ya wuce haka da yawa, don can sama itace ya sirance, iska kaɗan sai ya riƙa lilo da kai, bakin bindiga ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. A duba inda iska ke fitowa. A ƙwarzani ɓawo da wuƙa a ga ko ɗanye ne. Amma babbar ƙa'idar ita ce ta kauri, kuma ba awo ɗaya yake yi wa kowa ba, da hannun wanda zai hau ake auna itacen da zai ɗauke shi. Itacen da mai hawan zai iya runguma har yatsunsa su taɓa juna, bai isa ya riƙe nauyinsa da bugun bindigar toka ba. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba ta itace ba ce. Shi da yake shan giyarsa kamar kowane dattijon gidansu, bai yarda kowa ya taɓa bindigarsa da ko kurɓi ɗaya a ciki ba. Bindigar ta mahaifinsa ce, kuma kowa ya san Nomau zai bar wa.

A kakar nan gada ta sa gonar wakenmu ta bakin rafi a gaba. Wake ya yi fure ya fara 'ya'ya, kullum da safe sai mu tarar an kirɓe kunya biyu ko uku, ga sawu ƙanana masu tsini, ga kashi kamar na 'yar akuya. Mahaifina ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, gadar ta ci waken da ke ƙarƙashin hannun rigar ma. Sai ya haye rafi ya kai kuka wurin abokinsa. To ga Baba Jatau kurkunu ya kwantar da shi, ko bayan gida sai an riƙe shi. Nomau kuma yana neman aure, kwana uku a jere yana gayyar cirar gyaɗa a gonar surukansa, ba ya samun kansa sai la'asar. Shi ya sa aka raba aikin, ni in zaɓi itace in ɗaura gado ranar Laraba, Nomau ya hau da yammacin Alhamis. Kafin in tafi tsohon ya ƙara mini da cewa, in na rasa wanda ya cika awo, ga tsamiyar nan ta bakin rafi, ya sha ɗaura gado a kanta. Ya ga yadda fuskata ta sauya, ya yi murmushi. Ya ce, "Kai ɗan Malam ne, ba sai ka zuba mata komai ba. Ka yi sallama irin taku ka hau, ba ruwanta da kai." Na ce ai ni ba na tsoron komai. Na faɗa da ƙarfi, har matan gidan suka ji suka yi guɗar wasa.

Ranar Laraba da aka tashi makaranta ko tuwon rana ban tsaya ci ba. Na ɗora sandunan a kan jakinmu, na ɗauki gatari da damin igiyar ɗauri, na nufi bakin rafi. Na bi sawun gadar daga cikin wake har inda take kutsowa ta wata 'yar kafa a cikin sarƙaƙiya, na ga hanyarta ta bi ta tsakanin itatuwa uku. Na farko ɓaure ne, shi ko aunawa ban yi ba, reshensa ba ya da amana. Na biyu wata matashiyar ɗorawa, miƙaƙƙiya, rassanta sun rabu daidai tsayin da ake so kamar don ni aka yi ta. Na uku tsamiyar. Ina tunkararta jikina ya fara ba ni labari. Ƙarƙashinta duhu ne ko da rana tsaka, ga wata tsohuwar tukunya a kife a gindinta, ga gashin kaza ja ya manne a jikin ɓawon. Duk abin da na taɓa ji game da ita ya dawo mini a lokaci guda, yarinyar da aka ce ta tsinki 'ya'yanta bakinta ya karkace, da gargaɗin Inna cewa ko inuwarta kada in taka. Na yi sallama, muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Na karanta duk abin da na haddace. Na miƙa hannu zan zagaya igiyar, sai wani abu ya yi motsi a sama, ƙila kurciya ce, ƙila ƙadangare, ban tsaya tantancewa ba. Sai da na kai wurin jaki na gane na yar da takalmi ɗaya, kuma ban koma ɗauka ba.

Na dawo gindin ɗorawar ina haki. Na zagaya igiyar awon a jikinta daidai ƙirjina, ina roƙon Allah a zuci. Bakin biyu suka haɗu, har ɗaya ya hau kan ɗaya da taƙi guda da yatsu uku. Na sassauta, na sake gwadawa a ƙasa kusa da gindi inda ta fi kauri, nan ma suka haɗu. Na zauna a kan kunya na rasa abin da ke mini daɗi. Hanya a buɗe take, in koma in ce wa tsohon ɗorawa ba ta cika ba, tsamiya kuma na kasa. Ba dukana zai yi ba, iyaka ya yi dariya ya ce a jira Nomau ya gama gayya. Amma na tuna guɗar matan nan, na tuna yadda na buɗe baki na ce ba na tsoron komai, na ga yadda labarin zai haye rafi ya iso filin langa kafin magariba. Ban san lokacin da na zaro 'yar wuƙata ba. A'a, wannan ma ƙarya ce, na sani sarai. Na auna taƙi biyu a bakin igiyar, na ɗora a kan saiwa na yanke, na tura guntun cikin ramin gara na tura ƙasa da ƙafa. Sannan na miƙe na sake zagaya igiyar, bakin biyu suka ƙi haɗuwa. Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne sanyin da na ji a raina a lokacin, kamar da gaske itacen ne ya ƙara ƙiba.

Na ɗaura gadon nan da duk iyawata. Sanda ɗaya ɗaya na riƙa jawowa sama, na jera su, na yi ƙulli a kan ƙulli, har igiyar awon na haɗa a cikin ɗaurin don kada in koma da ita gida. Na hau na zauna, na yi tsalle a kai, na girgiza, ko motsi bai yi ba. Ina zai motsa, ni da ko buhun gero rabi ban kai ba? Na karyo ganye na yi masa shinge ta gaba, na sauko na tsaya daga nesa ina yaba aikina. Da yamma na haye na ba da labari. Tsohon ya tambaye ni tsayi, na faɗa. Ya tambayi iska, na faɗa. Ya ce, "Awo fa?" Na ce bai haɗu ba, Baba. Ya ce madalla, ya sa aka ba ni dafaffiyar gyaɗa cike da hula, na tafi ina ci a hanya.

Ranar Alhamis, rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba, ni da mahaifina muna zaune a bayan wani suri can ƙarshen gonar, shi da wuƙar yanka a cinya, muna jiran ƙarar bindiga. Mun hango Nomau lokacin da ya iso daga wurin gayya, bindiga a kafaɗa, ya ɗaga mana hannu. Na ga ya tsaya a gindin ɗorawar, ya dafa ta, ya ɗaga kai ya dubi gadon, ya ɗan jima. Da ya kira ni a lokacin ya tambaya, ban san abin da zan ce ba, amma bai kira ba, ya rataya bindiga ya hau. Muka yi zaman da ya fi kowane zama tsawo a rayuwata, sauro na cizo ba halin mari. Can sai muka ji ƙarar, ta cika bakin rafin, tsuntsaye suka tashi. Mahaifina ya miƙe yana cewa Alhamdu lillahi. Bai rufe baki ba muka ji wata ƙarar ta biyu, irin ta ɗanyen itace in ya tsage, sannan wani abu mai nauyi ya bugi ƙasa. Da muka iso, ɗorawar ta rabe tun daga inda rassan suka haɗu, reshe guda ya kwanto da gadon gaba ɗaya, ɗaurina ko ƙulli ɗaya bai kwance ba. Nomau na ƙasa, ƙafarsa ta hagu ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, yana cizon hannun rigarsa don kada ya yi ihu. Taku goma daga nan ga gadar tana shure-shure, harbin ya same ta a wuya. Ba wanda ya bi ta kanta, a nan ta mutu ba yanka.

Da sandunan gadon aka yi abin ɗaukarsa. Aka kira mai ɗori daga wani ƙauye ta wajen Bakori, ya ce ƙashin cinya ne ya karye kusa da ƙugu, maza huɗu suka danne Nomau aka ja ƙafar, wannan karon kam ya yi ihun da har gidanmu an ji. Washegari Baba Jatau ya sa aka ɗauke shi aka ajiye a ƙofar ɗakin da ɗansa ke kwance, ya aika a kira ni. Na zo na durƙusa. Ya dube ni da idanun nan nasa jajaye ya ce, "Ɗan Malam, ka auna?" Na ce na auna. Ya ce, "Bai haɗu ba?" Na ce bai haɗu ba. Ko sau ɗaya bai sake tambaya ba. Ya juya wajen ƙofar ya ce, "Nomau, ka sha a wurin gayya?" Daga ciki Nomau ya ce ƙoƙo ɗaya ne, tun da hantsi, surukinsa ne ya miƙa masa da hannunsa, ba yadda zai yi ya ƙi. Ya ce, "Baba, mai maye yana samun gada a wuya?" Tsohon ya ce itace an auna, ɗauri bai kwance ba, saura mutum, kuma mutumin da ya sha shi ke jingina inda ba a jingina. Ya ce a ɗauko bindigar a kai ɗakinsa. Ina durƙushe a wurin, maganar tana bakina, ina jin ɗacinta a harshe, na haɗiye ta.

Bayan kwana biyu mahaifina ya sare ɗorawar don haushi, ya tara kara a kan kututturen ya cinna wuta, ya ce itacen da ya ci ƙafar ɗan abokinsa ba zai ƙara kwana a gonarsa ba. Bai san shaidar da ke kaina yake ƙonawa ba, ni kuwa har da taya shi ɗebo kara. Nomau ya yi wata uku a kwance. Da ya tashi, ƙafar ta gajarce, yana tafiya yana tangaɗi kamar mai ɗauke da tulu a kafaɗa ɗaya. Auren dai an yi, yarinyar ta ce ta ji ta gani. Amma tsakaninsa da mahaifinsa wani abu ya mutu. Tsohon ya ba wa ɗan ƙanensa bindigar a gaban kowa. Ya daina cin tuwo kwano ɗaya da Nomau, in zai yi masa magana sai ya ce wa wani yaro, je ka gaya wa wancan. A ƙauye kuma sunan ya bi shi, ko yara in suna wasa wani ya faɗi, sai a ce ya yi hawan Nomau. Da kunnena na ji, kuma akwai ranar da na yi dariya tare da su don kada a ga ban yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tsohon ya ƙara jawo ni jiki. Da ƙafarsa ta warke bai koma harbi ba, amma in na je gaishe shi sai ya sa a kawo mini gyaɗa ko rake, ya ce wa baƙinsa, wannan yaron da kuke gani, in ya ce maka abu kaza ne, ka rufe ido ka taka. Sau uku ina haye rafi da niyyar faɗa. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu na tarar yana cikin nishaɗi, na ce ba yau ba, kada in ɓata masa. Na uku ba kowa, shi kaɗai yana gyaran ƙotar fartanya, Nomau na can nesa yana jan ƙafa zuwa rumbu, na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarsa ko ana sa ran ruwa. Daga nan na ci jarrabawa na tafi makarantar kwana a Funtuwa, na riƙa gaya wa kaina sai hutu mai zuwa. Ina aji uku mahaifina ya zo ziyara da ƙullin ƙuli-ƙuli, muna zaune a gindin mangwaro ya ce mini Jatau ya riga mu gidan gaskiya, kuma har ya cika bai kira Nomau bakin shimfiɗarsa ba. Na yi kukan da ya ba mahaifina mamaki, har ya riƙa cewa bai san shaƙuwar ta kai haka ba.

Na yi aikin koyarwa shekaru masu yawa, na hori 'ya'yan mutane a kan ƙarya da bakin nan nawa. In na je gida ina kauce wa hanyar da zan haɗu da Nomau, sai dai in aika masa da shadda ko buhun taki ta hannun wani, ya aiko da godiya mai yawa, godiyar ta zauna mini a ƙirji. Bara waccan Inna ta rasu. Ranar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga wani tsoho da sanda yana tangaɗi daga wajen rafi, kansa fari fat. Ya yi mana gaisuwa, ya zauna kusa da ni, ya ce wa mutanen wurin, "Wannan da kuke gani, duk duniya ba wanda tsohona ya yarda da shi kamarsa." Da ya tashi tafiya na ce zan raka shi. Muka bi hanya a hankali, saboda ƙafar. Da muka kai inda gonar wakenmu take a da, na ce, "Yaya Nomau, tsaya, akwai maganar da na riƙe maka shekara arba'in." Na faɗa masa duka, tsamiyar, da wuƙar, da ramin garar. Ya nemi kunya ya zauna, ya miƙe gajeriyar ƙafar, ya daɗe yana tona ƙasa da bakin sandarsa. Ya ce, "Na fa ga ta yi mini siriri. Sai na ce igiyar tsoho ba ta ƙarya, ƙila giyar ce a idona." Ya ce tun ranar bai ƙara sa giya a bakinsa ba, domin shi kansa ya yarda ita ce ta kayar da shi. Na ce ya yafe mini, ina kuka kamar ba mai jikoki ba. Ya ce, "Ƙafa ba komai, ɗan Malam, na saba da ita, kai ma yaro ne a lokacin. Nawa na yafe. Amma da ka gaya wa tsoho." Ya dafa sanda ya miƙe, ya ce in koma wurin baƙi, ya san hanya.

Yanzu bakin rafin nan duk lambun tumatir ne da injin ban ruwa, sarƙaƙiyar ta tafi, manyan itatuwan an yi gawayi da su. 'Ya'yana ba su taɓa ganin gada ba sai a hoton waya, kuma in na ce musu a gonar kakansu take kwana sai su ɗauka tatsuniya nake yi. Babban gidan su Baba Jatau ya watse, wasu sun koma gari, wasu sun bi coci, wasu masallaci, rumbunan sun rushe sai biyu. Ba na cewa da can komai daidai ne, kurkunu kaɗai ya isa ya hana ni faɗin haka. Amma ina kewar lokacin da mutum zai danƙa ran ɗansa a hannun ɗan maƙwabcinsa, addininsu ba ɗaya ba, ya tambaye shi sau ɗaya tak ya yarda. Irin wannan yardar aka ba ni ina ɗan shekara goma sha biyu, na saya wa kaina suna da ita a wurin 'yan langa. Shekara huɗu tsohon ya yi a raye bayan haka, in ina gida rafi kawai ke tsakaninmu. Ya shiga kabari yana ganin ni ne mai gaskiyar.